Wa ke riƙe da makullin asusun matan Maraɗi?

Duk ranar 13 ga Mayu ana bikin ranar matan Nijar, kuma wanda ya saba halartar taron a Maraɗi zai iya lissafa waɗanda za su zauna a layin gaba tun ba a jera kujeru ba. Atamfar shekara kaɗai ke sakewa. Hajiyar da ta karanta jawabi da sunan ƙungiyoyin mata bara ita za ta karanta bana, in rai ya kai baɗi ma ita ce dai. Ba na ƙullace da waɗannan iyaye namu. Da yawansu sun sha rana, sun sha baƙar magana, kafin a yarda matar aure ta tsaya gaban jama'a ta buɗe baki. Damuwata ita ce jihar nan ta taɓa samar da wani salon shugabanci, na asusun Mata Masu Dubara, da ya fi wannan nesa ba kusa ba, har ƙasashen duniya suka kwafa, mu kuma da muka haife shi muna sakin sa sannu a hankali, daidai lokacin da muka fi bukatar sa.

Mace ta ja gaba ba baƙon abu ba ne a nan. Katsinawan da suka kafa daularsu a Maraɗi bayan jihadi sun zo da sarautar Iya, Gobirawan Tibiri kuwa Inna gare su. Iya ba matar sarki ba ce, ƴar gidan sarauta ce mai gidanta da jama'arta, al'amuran bori na hannunta, mata kuma na kai mata kuka. Akwai magajiya, mai kula da mata masu zaman kansu. Sarauta ce ta gaske, mai kwarjini, amma daga fada take fitowa. Sarki ke naɗawa, matan gari ba su da ta cewa a naɗin, balle a saukewa.

Da siyasar jam'iyyu ta shigo gab da samun ƴancin kai, matan da suka fi fitowa fili su yi waƙa su yi guɗa su tara jama'a su ne na gidan magajiya. Matar aure sai dai ta leƙa ta katanga. Wannan ya bar tabon da har gobe bai gama gogewa ba, don akwai magidancin da in ya ji an ce ƙungiyar mata, abin da ke fara zo masa a rai ke nan. Zamanin Diori Hamani an yi ƙungiyar matan Nijar ta UFN, wadda ke jingine da jam'iyya mai mulki da uwargidan shugaban ƙasa, Aisa Diori. Juyin mulkin Afrilun 1974 ya tafi da gwamnatin, Aisa ta rasa ranta a daren, ƙungiyar ma ta bi su. A 1975, ƙarƙashin mulkin Seyni Kunce, aka kafa sabuwar ƙungiyar mata ta AFN, aka kuma farfaɗo da Samariya ta matasa, kowace da biro tun daga Yamai har cikin unguwa.

Wanda ya ce AFN ba ta yi komai ba bai yi adalci ba. Ita ta sa zuwa taro ya zama abin da matar aure mai mutunci za ta yi ba a nuna ta da baki ba. Ta buɗe wuraren koyon ɗinki da saƙa, ta yi ta kuka kan tsadar aure, ta fito da malaman makaranta da ungozomomi da hajiyoyin kasuwa waɗanda suka iya tsara taro da magana da hukuma. Sai dai kowa ya san wanda shugabar AFN ke tsoron ɓata wa rai: parfe ne, ba mai tuyar ƙosai ta Bagalam ba. In babban baƙo zai zo, a tara mata su share gari, su dafa, su jeru bakin hanya suna tafi cikin rana. Aikin gayya ne, na'am, amma wani ke yankawa, mata su ɗauka. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, AFN ta daina zama ita kaɗai tilo. Wata ƙungiyar mata, RDFN, ta fito a 1992, wasu suka biyo, har da yawansu suka haɗu ƙarƙashin inuwar CONGAFEN a 1995. Sunaye sun yawaita, tsari bai sake sosai ba: ƴan boko a sama, a birni, sauran mata a ƙasa suna jiran kira.

A 1991 abu biyu suka faru, ɗaya ya yi suna, ɗayan shiru. Mai sunan shi ne na Yamai. Kwamitin shirya babban taron ƙasa aka sa mace ɗaya tak a ciki, dubban mata suka fito ranar 13 ga Mayu suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista, ba su bari ba sai da aka ƙara musu kujeru. Daga nan ranar ta samo asali. Ɗayan kuwa a karkarar Maraɗi aka yi shi, a ƙauyuka irin su Kagadama, inda ƙungiyar agaji ta CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta zauna da mata aka fara abin da ake kira Mata Masu Dubara. Ba a zuba musu ko dala a ciki ba. Horo ne da ƴan ƙa'idoji, sauran duk daga adashin da uwayenmu suka gada aka ɗauko.

A tuna yadda ƙasar take a lokacin. Bankin BDRN ya durƙushe, ma'aikata na shafe watanni ba albashi, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Mai takarda da albashi ma banki bai tsinana masa komai ba, ina ga matar ƙauye. Abin da take da shi adashi ne da biki. Adashi kuwa kowa ya san lagonsa. Ana zubi, mace ɗaya ta kwashe, in ɗanki ya kwanta ciwo alhali ɗaukarki sai bayan wata uku, sai ki bi ƙawaye kina roƙon musanya. Komai kuma na hannun uwar adashi, in mai amana ce kun tsira, in ba haka ba sai labari. Wace unguwa ce a garin nan ba ta da labarin uwar adashin da ta tafi ganin dangi a Najeriya ba ta dawo ba?

Asusun Mata Masu Dubara ya riƙe zubin, ya sauya abin da ake yi da shi. Mata 25 zuwa 30 da suka san juna su zaɓi junansu. Duk mako su haɗu kan tabarma, kowa ta zuba abin da aka yarda, dala 5 ne, dala 10 ne, dala 20 ne. Ba mai kwashe kuɗin. Rance ake ba wadda ke so ta sari gujiya ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko ta sayi ƴar akuya, ta mayar bayan wata da ɗan abu a kai, galibi dala 20 kan jika. Wadda ta makara ta biya tara, wadda ta yi surutu ana lissafi ta biya tara, shugaba ma in ta makara ta biya. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku, shi kuma yana kwana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. A ƙirga da ƙarfi, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita da abin da ya rage, mako mai zuwa kafin a taɓa kwaɗo a tambayi taro, nawa muka bari? Da yake mafi yawansu ba su yi lakwal ba, lissafin a ka yake. Kowace mace na riƙe da bashinta da na wadda ke zaune kusa da ita. Mace ɗaya na iya mantuwa, ko ta yi kamar ta manta, amma mata 30 ba sa mantuwa tare.

A dubi abin da wannan tsari ya yi wa shugaba. Ba ta riƙe kuɗi, ba ta riƙe makulli, ba ta san wani abin da sauran ba su sani ba. Abin da ya rage mata shi ne aikin shugabanci zalla: ta buɗe taro, ta ba kowa baki, ta raba kishiyoyin da suka kawo rigimar gida kan tabarma, ta san yadda za a bi bashi wurin wadda mijinta ya karɓe kuɗin ba tare da an tozarta ta ba, ta san ranar da za a ce a yi haƙuri da wance, gobara ta yi. Sannan ga rabo. In shekara ta zagayo, yawanci gab da azumi ko Layya ko faɗuwar damina, a tattaro bashi duka, a zube kuɗin, a raba, akwati ya koma wayam. Ranar nan kowace mace na iya ɗaukar nata ta yi gaba, kuma kafin sabon zubi ake sake duba waɗanda za su riƙe ƙungiya. Shugabar da ta yi son kai ba sai an yi mata bore ba, ranar sabon zubi za ta tarar tabarma ta yi mata faɗi. A nuna mini hukuma ɗaya a ƙasar nan, daga mairi har fadar shugaban ƙasa, da ke fuskantar irin wannan hisabi duk shekara.

Abin ya yi aiki, shi ya sa ya bazu. Matan da suka koya suka riƙa koya wa ƙauyen gaba a ba su ɗan abin goro, ba sai an jira motar kowa ba. Daga Maraɗi ya shiga sauran jihohi, ya ƙetara zuwa Mali, ya kai Mozambik da Zimbabuwe da Uganda da Zanzibar, yau miliyoyin mutane a Afirka da Asiya na bin tsarin da sunan VSLA, wato ƙungiyoyin ajiya da rance na ƙauye.

A gida kuwa yunwar 2005 ce ta gwada shi. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, tiyar hatsi ta gagari talaka, maza suka tafi ci-rani, wuraren jinyar yara masu tamowa a Maraɗi suka cika har hotunansu suka zagaya duniya, Shugaba Tanja kuma na cewa ba yunwa ake ba. Asusu bai hana yunwa ba, wanda ya ce ya hana ya faɗi son ransa. Wasu rukunoni sun dakatar da zubi, wasu sun cinye jarin. Amma inda mata ke da rumbun haɗin gwiwa, wanda suka cika da kaka hatsi na araha suka buɗe tsakiyar damina, an ga bambanci. Haka batun gona. A kudancin jihar nan, wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, kuma in gandu ya matse gamanar mace ake fara karɓewa. Akwai magidantan da suka tsiri kulle ba don malam ya faɗa ba, don dai babu gonar da za a ba matar. Rukunonin asusu da dama sun haɗa kuɗi sun karɓi jinginar gona ko sun saya da sunan ƙungiya, abin da mace ɗaya ba za ta ko kawo a ranta ba.

Siyasa ma ta ci moriya. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, jam'iyyu suka shiga neman matan cika jerin sunaye. A karkara ina za a samu macen da ta iya magana gaban mutane, ta iya lissafi, mata kuma na jin maganarta? Da yawa daga matan da suka zama kwansaye kan tabarmar asusu suka yi makarantarsu.

To, daga nan ne kuma matsalar da nake magana a kai ta kunno kai. Rukuni ɗaya ba ya iya sayen injin niƙa ko gina rumbun siminti, don haka rukunonin gari suka haɗu suka yi rezo, su kuma suka haɗu suka yi tarayya a matakin komin. Tunani ne mai kyau. Amma tarayya sai da takardar izini daga hukuma, sai da ajiya a banki, sai da rahoto da Faransanci, sai da wadda za a kira a waya a ce gobe akwai horo a Maraɗi ko Yamai, kwana uku, da kuɗin zama da na mota. A wannan mataki babu kwaɗo uku. Sa hannu biyu ne a takardar banki, kuma sau da yawa masu sa hannun aminan juna ne. Babu ranar rabo, don injin niƙa ba ya rabuwa, saboda haka babu ranar da kowa ke ganin gindin akwati. Lissafi ya bar kan mata 30 ya koma cikin kaye ɗaya, a jakar mace ɗaya, da harshen da mafi yawan masu kuɗin ba sa ji. Duk abin da ya sa shugabar asusu ta zama abar yarda an tuɓe shi ɗaya bayan ɗaya, aka bar sunan.

Na taɓa zama a taron wata tarayya da aka ba tallafin injin niƙa da jarin sayen hatsi. Bayan an gama godiya ga masu tallafi, wata matashiya mai goyo ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, a gafarce ni, nawa ne kuɗin da aka turo, nawa kuma injin ya ci?" Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, sa'ad da muka kafa wanga abu kina bayan uwarki. Bari ki yi ƙwari tukuna." Aka yi dariya, wata ta kama guɗa, aka wuce zancen anko. Ban ce Hajiya ta ci ko dala ba, ta yiwu ma daga lalitarta take cika wani abin. Abin da na gani shi ne tambayar da ake yi duk mako kan tabarma ba mai jin haushi, a nan ta zama rashin kunya. Waɗanda suka yi dariyar kuma sun fi Hajiya laifi, don ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Za a ce Hajiya ce ta san hanya, magajin gari na ɗaukar wayarta, masu furoje sun san ta, in aka sa sabuwa sai an shekara ana laluben ƙofa. Za a ce aikin ba albashi, ita ke ciyar da baƙi, ita ke biyan kabu-kabu zuwa mairi, kuma in an ce wa ke so kowa sai ta sunkuyar da kai. Za a ce ba tarbiyyarmu ba ce a tuɓe babba ido na ganin ido. Duk akwai gaskiya a ciki, musamman na biyun, don wadda ba ta taɓa riƙe ƙungiya ba ba ta san yawan abin da shugaba ke haɗiyewa ba. Amma hujjar farkon ai ita ce ciwon da kansa. In an yi shekara 15 har yanzu mace ɗaya ce ta san ƙofar mairi, ba ƙungiya aka gina ba, Hajiya aka gina. Ranar da ta kwanta ciwo, ko ta tafi Umra ta daɗe, ko Allah ya karɓi abinsa, takardu na cikin adakarta, ƴaƴanta ba su san na mene ne ba. Masu sunkuyar da kan nan kuwa, an taɓa tura ɗayarsu ta je ta dawo ta ba da labari?

Batun kunya, asusun ƙauye ya daɗe da warware shi, kuma matan da suka warware ba su fi mu rashin kunya ba. Raba girma da makulli suka yi. Tsohuwa na nan a matsayin uwar ƙungiya, ita ke buɗe taro da addu'a, ita ake kai wa rigimar da ta gagara, ita ake fara miƙa wa goro, amma ba ita ke riƙe da lissafi ba. Ba wadda ta ƙasƙanta. Abin da ya hana a yi haka a sama ba al'ada ba ce, kuɗin zama ne.

Masu furoje ma suna da nasu kason. Sun fi son fuska ɗaya da lambar waya ɗaya, wadda ta san inda ake sa hannu, ta iya faɗin kalmomin da ake so a ji gaban baƙi. Su ke kiran mace ɗaya horo sau ba adadi kan abu ɗaya. Su ne kuma, da kyakkyawar niyya, ke zuba kuɗin waje cikin akwatin da aka cika da dala-dala. Kuɗin da mace ta tara daga cinikin fura tana bin sa da ido har inda ya kwana. Wanda ya sauko daga mota ba gumin kowa ba ne, wadda ta ci bashinsa ba ta jin ta ci na maƙwabciya. Duk wanda ya yi aikin karkara a jihar nan zai iya nuna ƙauyen da rukuni ya daɗe lafiya da ɗan zubinsa, aka ba shi jari ko aka haɗa shi da bashin banki, ba a jima ba ya watse da gaba.

Ko zancen kuɗin ruwa, wanda a gari mai yawan wa'azi kamar Maraɗi ba a raina shi, kan tabarma aka fi iya shawo kansa. Na ga rukunin da suka kira malami ya yi musu bayani, suka yi ta kai da komo, daga baya suka bar ɗora ƙari kan rance, suka koma sayen kaya da kuɗin asusu suna sayar wa junansu bashi da ribar da aka sani tun farko. Wasu sun ci gaba yadda suke. Ko wanne aka ɗauka, masu kuɗin ne suka yanke da bakinsu. A tarayya irin wannan magana a ofis ake gama ta, a zo a sanar.

Akwai kuma waɗanda shugabar da ta daɗe ba ta gani, ba don mugunta ba, don dai ƙawayenta sun tsufa tare da ita. Amaryar da aka kawo tana da shekara 15 ko 16, wadda uwar miji ke zuba mata ko ta hana ta fita. Matar kulle mai aiko da zubi ta hannun yarinya, ba a taɓa jin muryarta ba. Matan Zamfara da Sakkwato da Katsina da ƴan bindiga suka koro tun 2019 suka sauka ƙauyukan Gidan Rumji. Ga kuma ƴanmatan da suka ci birbe, har da masu digiri daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, suna zaune gida, alhali ana cewa dole Hajiya ta ci gaba don ba mai iya rubutu. Wannan hujja ta ci kasuwarta a 1995, yau ba mai saye.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 maganar ta ƙara zama ta gaggawa. Rufe iyaka da ya biyo baya ya tsayar da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya wata da watanni, ƙananan ƴan kasuwa mata kuma su suka fara ji a jikinsu. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, matan da suka zama kwansaye suka koma gida, a 2025 aka rusa jam'iyyu. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, ba su ne zancena ba. Abin da ba a musu shi ne dokar kaso ba ta da kujerar zaɓen da za ta raba a yanzu, kuɗin agaji na waje kuma ya ja baya, balle da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Ƙungiyar da ke numfashi da horo da kuɗin zama za ta yi shiru da kanta. Akwatin ƙarfen ne zai saura, kuma a ƙauyuka da yawa tabarmar asusu ce kaɗai wurin da ya rage inda mace ke ɗaga hannu ta ɗora wata, ko ta sauke ta.

Gyaran ba ya bukatar doka daga Yamai ko tallafin kowa. Kowace tarayya na da takardar ƙa'idojinta, da yawa ma an rubuta wa'adin shugaba a ciki, sai dai ba a karantawa. A karanta. Wa'adi biyu ya isa, daga nan a koma kujerar uwa. Kuɗin da ya shigo daga waje a faɗe shi da Hausa, da jika da dala, gaban wakilan kowane rukuni, ranar da ya shigo ba ranar da ya ƙare ba, kuma kada ya kwana akwati ɗaya da zubi. Wayar da ake cewa ta ɓata yara tana da amfani a nan, don saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa duk masu zubi su ji lissafi ko ba su iya karatu ba. Gayyatar horo kuma ta riƙa zagayawa, wadda ta je ta dawo ta faɗi abin da ta koyo da abin da aka ba ta. Na san wannan na ƙarshen shi zai fi zafi.

Saura tarihi. Na Mata Masu Dubara yana cikin rahotannin ƙungiyoyin waje, da Turanci da Faransanci, inda sunan da ake yawan ambata shi ne na Moira Eknes. Ta cancanta. Amma ba ita ta zauna mako bayan mako tana bin bashin dala 100 ba, ba ita ta kwana gida ɗaya da mijin da ya ce taron mata fitina ne ba. Matan da suka yi wannan, in suna da shekara 30 a 1991, yau sun haura 60, kuma ana ta raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban jami'a masu neman abin rubuta kundi, da gidajen rediyon garin nan masu cika sa'o'i da gaishe-gaishe, ga aiki bakin ƙofa. A je da abin ɗaukar murya, kuma kada a tsaya ga tambayar da masu furoje suka saba yi, ta awaki nawa kika saya. A tambaye su wa suka fara zaɓa da dalili, yaya suka yi ranar da aka ƙirga aka ga kuɗi bai cika ba, da wane baki suka gaya wa shugabar da ta girme su cewa bana wata za ta karɓa, kuma wa suka tura ta faɗa mata.